Tseren Keke a Cikin Ɗaki: Wasan Kwamfuta Ne Ko Aikin Jiki Na Gaskiya?

Sanin kowa ne cewa an ƙera keke domin ya ɗauki mutum daga wani wuri zuwa wani. To amma a yau akwai dubban mutane a ƙasashe daban-daban da kan hau keke su yi ta tuƙi na awa ɗaya ko biyu, gumi na tsiyaya, numfashi na sama-sama, alhali kuwa keken bai gusa ko da taku ɗaya ba daga tsakiyar ɗakin da aka girke shi. A gabansu akwai allon kwamfuta ko na talabijin, a kan allon kuma akwai wani ɗan mutum na zane bisa keke, yana hawan tudu yana gangarawa, yana kuma gogayya da wasu mutanen zane waɗanda masu su ke zaune a Jamus ko Japan ko Afirka ta Kudu. Wasu tsofaffin 'yan tseren keke na kallon wannan al'amari da raini, suna cewa wasan yara ne da aka yi wa kwalliya. Ra'ayin nan yana da rauni, domin ilmin halittar jikin ɗan Adam bai goyi bayansa ba. Aikin da jiki ke yi a kan wannan keke aiki ne na haƙiƙa, amfaninsa da haɗarinsa duk na haƙiƙa ne. Inda lamarin yake da ɓaraka wani wuri ne daban, wato wajen awo da lambobin da aka gina gasar a kansu.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda abin yake aiki. Akan cire ƙafar baya ta keke a ɗaura sarƙarsa a jikin wata na'ura mai nauyi da ke zaune a ƙasa. A cikin na'urar akwai faifan ƙarfe da ke juyawa kusa da maganaɗisun lantarki. Idan aka ƙara wa maganaɗisun ƙarfi sai faifan ya yi taurin juyawa, mahayi ya ji feda ta yi nauyi tamkar yana hawan tudu. Idan aka rage sai ta yi sauƙi kamar gangara. Na'urar tana kuma auna ƙarfin da mahayi ke zubawa a kan feda, da ma'aunin da ake kira wat, wato jul ɗaya na makamashi a cikin kowace daƙiƙa. Tana aika wannan adadi zuwa kwamfuta ba tare da waya ba, kwamfutar kuma ta haɗa shi da nauyin mahayin, da tsayinsa, da tudun hanyar da aka zana, ta yi lissafin gudun da ya kamata ɗan zanen ya yi. Hatta sauƙin da ɗan tsere ke samu idan ya laɓe a bayan wani don kare iska, wanda a kan titi yakan kai kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, an cusa shi cikin lissafin.

Manhajar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Zwift, wadda aka kafa kamfaninta a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 2014, ƙarƙashin jagorancin Eric Min da Jon Mayfield. Da yawa daga cikin hanyoyinta suna kan wani tsibiri na ƙage mai suna Watopia. A shekarar 2018 aka ƙara masa wani dogon hayi da aka kwaikwayo daga Alpe d'Huez, sanannen dutsen nan na ƙasar Faransa mai kwana 21 da ake hawa a gasar Tour de France. Akwai wasu manhajojin, irin su Rouvy ta ƙasar Cek wadda ke amfani da bidiyon tituna na zahiri, da MyWhoosh ta birnin Abu Dabi.

Kafin a ɗauki wannan a matsayin sabon abu, ya dace a tuna cewa keken da ba ya tafiya tsohon kayan aiki ne a ɗakunan binciken masana halitta. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, August Krogh na ƙasar Denmak ya ƙera irin wannan keke mai birkin maganaɗisu domin auna aikin da tsokar mutum ke yi, shi ne kuma ya sami kyautar Nobel a 1920 saboda bincikensa kan ƙananan jijiyoyin jini da ke ratsa tsoka. Da yawa daga cikin abin da aka sani game da numfashi da bugun zuciya a lokacin motsa jiki, a kan irin wannan keke aka gano shi. Abin da 'yan kasuwa suka yi a ƙarni na 21 shi ne sun fitar da keken awo daga ɗakin bincike, suka haɗa shi da intanet, suka yi masa hoto mai ƙayatarwa.

To, me ke faruwa a cikin jikin mahayi? Ƙwayar halittar tsoka ba ta da ido, ba ta kuma san ko hanyar da ake bi kwalta ce ko zane ba. Abin da ta sani shi ne ana buƙatar ta tsuke ta saki sau 80 ko 90 a minti ɗaya, tana ture wani nauyi. Don ta yi haka sai ta ƙona sukari da kitse da taimakon iskar oksijin, a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da ke cikinta waɗanda ake kira mitokondiriya. Su ne murhun ƙwayar halitta. A shekarar 1967 wani masani Ba'amurke mai suna John Holloszy ya sa ɓeraye gudu a kan na'ura na tsawon makonni, ya kuma tarar cewa ikon tsokarsu na ƙona abinci da oksijin ya kusa ninkawa, saboda murhun nan ya ƙaru. Ɓerayen ma dai ba su je ko'ina ba. Irin wannan canji ne ke faruwa a cinyar mutumin da ya dage da tuƙi, ko a kan titi ko a cikin ɗaki.

Zuciya ma takan sauya. A lokacin hutu, zuciyar baligi na tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya. Idan ya shiga aiki mai tsanani adadin kan haura lita 20, a wurin ƙwararrun 'yan tsere kuwa har ya wuce lita 30. Horo na watanni yakan ƙara girman ɗakin zuciya na hagu, ya ƙara yawan ruwan jini, ya kuma sa sababbin ƙananan jijiyoyi su tsiro a tsakanin zaruruwan tsoka. Sakamakon duk wannan shi ne ƙaruwar iyakar oksijin da jiki ke iya sha a minti ɗaya, ma'aunin da masanin nan na Ingila A. V. Hill ya fito da shi a shekarun 1920. Saurayi mai lafiya wanda ba ya horo yakan sha mililita 35 zuwa 45 a kan kowane kilogiram na nauyinsa a minti ɗaya, manyan 'yan tseren keke kuwa sukan haura 70.

Wanda lissafin masana bai gamsar da shi ba, sai ya dubi abin da ya faru a 2016. A ƙarshen watan Fabrairun shekarar, wani ɗan tsere ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Mathew Hayman ya faɗi a wata gasa a Beljiyam ya karye a hannu. Tun da ba shi da halin riƙe kan keke a kan titi, sai ya koma garejin gidansa ya yi ta horo da Zwift. Bayan kimanin makonni 6, yana da shekara 37, ya lashe gasar Paris-Roubaix, tseren da ya wuce kilomita 250 wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar na hanyarsa duwatsu ne da aka jera tun zamanin kekunan doki. A 2020 kuma wani ɗan ƙasar tasu, Jay Vine, ya ci gasar neman sababbin gwanaye da Zwift ke shiryawa, ya sami kwantaragi da wata babbar ƙungiyar Beljiyam, sannan a 2022 ya yi nasara a zango 2 na hawan dutse a gasar zagayen ƙasar Sifaniya. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa abin daraja, domin da aka rufe tituna aka ɗage gasanni, sai manyan 'yan tsere suka koma fafatawa daga gidajensu. A watan Disamban shekarar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar cin kofin duniya ta farko a wannan fanni. Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ta lashe ɓangaren mata, ɓangaren maza kuwa wani Bajamushe ne ya lashe, Jason Osborne, wanda a lokacin sana'arsa tseren kwale-kwale ce.

Nasarar Osborne ta nuna ƙarfin wannan wasa, ta kuma tona iyakarsa. Mutumin da ya gina zuciya da huhu a kan ruwa ya iya doke ƙwararrun mahaya saboda gasar cikin ɗaki injin jiki kawai take gwadawa. Ba ta tambayar ko mutum ya iya karya kwana a gangaren dutse da gudun kilomita 70 a awa, ko ya iya tafiya kafaɗa da kafaɗa cikin taron mahaya 150 ba tare da ya taɓa wani ba, ko ya iya karanta iska. Waɗannan gwanintar ƙwaƙwalwa ce da ido da kunnen ciki mai kula da daidaiton jiki, kuma ba a koyonsu sai a kan titi. Hayman ya riga ya shafe shekaru masu yawa yana fafatawa a kan waɗancan duwatsu kafin ya shiga gareji. Garejin ya tsare masa injin ne, gwanintar kuwa tana nan tun da can. Saurayin da ya ɗauka cewa lambobinsa na ɗaki sun mai da shi ɗan tseren titi, kwana ta farko za ta ba shi amsa.

Babbar matsalar dai tana wajen awo. A kan hanya mai tudu, abin da ke raba mai sauri da mai nawa shi ne yawan wat da yake bayarwa idan aka raba da nauyinsa. Mahayi mai nauyin kilogiram 70 da ke ba da wat 280, yana da wat 4 a kan kowane kilogiram. A kan dutsen gaske ba wanda ke tambayarsa nauyinsa, domin maganaɗisun ƙasa na janyo shi daidai da abin da yake ɗauke da shi, ko ya faɗi gaskiya ko bai faɗa ba. A cikin manhaja kuwa shi da kansa ke rubuta adadin. Idan ya rubuta 60 maimakon 70, nan take ya koma kusan wat 4.7 a kan kowane kilogiram, ƙarin da mai gaskiya kan shekara yana horo bai samu ba. Ga kuma na'urar kanta. Masu ƙera ta sukan ce kurenta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, amma kashi 2 na wat 400 wat 8 ne, kuma akan ci gasa da tazarar da ba ta kai haka ba. Na'urar da ba a daidaita ta ba, ko wadda ta ɗauki zafi, tana iya ƙara wa mai ita abin da bai yi guminsa ba. A 2019 an ƙwace kambun zakaran Birtaniya na farko a wannan fanni, aka kuma dakatar da shi na wata 6, bayan an gano an yi amfani da dabarar kwamfuta wajen samar masa keken zane mafi sauri ba tare da ya yi tuƙin da ake buƙata ba.

Masu shirya gasa sun ɗauki matakai. A manyan gasanni akan bukaci ɗan tsere ya ɗauki bidiyon kansa yana hawa sikeli, ya kuma ɗaura ma'aunin ƙarfi na biyu a jikin keken domin a gwada shi da na farko. A 2024, lokacin da gasar duniya ta koma manhajar MyWhoosh, an tara waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a zaure guda a Abu Dabi, kowa a kan na'ura iri ɗaya, a gaban alƙalai. Wannan shi ne daidai. Sai dai abin lura a nan shi ne, kafin a yarda da sakamakon wasan da aka ƙirƙira domin kowa ya yi daga gidansa, sai da aka raba kowa da gidansa. Saboda haka lambar yabon da aka ci a ɗaki ba tare da shaida ba, bai kamata a ɗora ta a mizani ɗaya da wadda aka ci a gaban jama'a ba.

Batun sikeli yana da wata fuska da ta fi magudi haɗari, kuma ita ce ta fi shafar matasa. Wanda ba ya son yin ƙarya amma yana son adadinsa ya hau, hanya biyu gare shi: ko ya ƙara wat, abin da ke cin watanni, ko ya rage kilogiram, abin da yunwa ke yi cikin makonni. Jikin da ke aiki tuƙuru ba tare da isasshen abinci ba yakan fara tsimi ta hanyar rufe wasu ayyuka. Sinadaran haihuwa su ragu, al'adar 'yan mata ta ɗauke, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙashi ya daina ginuwa. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya fitar da bayani na musamman kan wannan cuta ta ƙarancin makamashi a 2014, ya kuma nuna cewa tana kama maza kamar yadda take kama mata. Abin ya fi muni ga mahaya keke, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyinsu, ƙashi kuwa ba ya ƙarfi sai yana shan dukan nauyi kamar yadda ake samu a gudu da tsalle. Bincike ya sha nuna ƙarancin ƙwarin ƙashi a tsakanin ƙwararrun 'yan tseren keke. Shekarun makarantar sakandare su ne lokacin da jiki ke tara mafi yawan ƙashin da zai rayu da shi har tsufa, don haka yaron da ya hana kansa tuwo saboda ɗan zanen da ke kan allo ya yi sauri, bashi yake ci wanda zai biya yana ɗan shekara 60.

Haɗari na biyu shi ne zafi, kuma nan ne keken ɗaki ya fi na titi wahalar da jiki. Tsoka inji ce mai asara: daga cikin makamashin da take ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zama motsi, sauran duk zafi ne. Mahayin da ke ba da wat 200 a kan feda, jikinsa na fitar da zafin da ya kai wat 700 ko kusa da haka, wato kamar ƙaramin dutsen guga na lantarki a kunne a cikin jikinsa. A awa ɗaya wannan ya kai kilojul 2,500. Babbar hanyar fitar da shi ita ce gumi, kuma lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a kan fata takan tafi da kimanin kilojul 2,400. Sharaɗin shi ne ta bushe. Duk wanda ya san randa ya san wannan ƙa'ida, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska shi ke sanyaya na ciki, randar da aka ajiye inda iska ba ta kaɗawa kuwa ba ta sanyi sosai. A kan titi gudun keken kansa ne ke samar da iskar. A cikin ɗaki iskar da ke kewaye da mahayi takan cika da laima, gumin ya riƙa ɗiga ƙasa, ɗigon da ya faɗi kuwa ruwan jiki ne da aka yi asara ba tare da ya tafi da zafi ba. Daga nan jiki ya karkatar da jini zuwa fata, ruwan jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu alhali aikin bai ƙaru ba. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, ƙwaƙwalwa na iya rikicewa, wanda hakan kan kai ga suma ko rasa rai. Shi ya sa ƙwararru ba sa hawa sai da babbar fanka a gabansu da gorar ruwa a gefe, ko da a lokacin sanyin Turai ne. Wanda zai gwada irin wannan horo a ɗaki mai rufin kwano cikin watan Afrilu, fanka ta fi masa kwamfuta muhimmanci.

Ga malaman kimiyya, ko da makarantarsu ba ta mallaki irin wannan na'ura mai tsada ba, lamarin darasi ne da aka kawo musu har gida, domin ya haɗa ilmin halitta da fizis a wuri ɗaya. Hayin nan da aka kwaikwayo daga Alpe d'Huez yana da tsawon kilomita 12 da ɗoriya, tsayinsa kuma mita 1,036. Ɗalibi na iya lissafa aikin ɗaga mahayi mai kilogiram 70 da kekensa mai kilogiram 8 zuwa ƙololuwa: 78 sau 9.8 sau 1,036, abin da zai ba shi kimanin kilojul 792. Idan mahayin na ba da wat 250, zai ɗauki daƙiƙa 3,168, wato kusan minti 53, kafin a sa turjiyar iska da gogayyar taya a cikin lissafi. Sai malami ya tambaya: nawa ne makamashin abincin da jiki ya ƙona, in an tuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ya zama motsi? Gumi lita nawa ake buƙata ya bushe? Me zai faru da lokacin idan aka rage kilogiram 10 a kan takarda? Bayan haka ɗalibai su fita fili, kowa ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15 ya ninka sau 4, ya hau benci mai ƙarfi ya sauka na minti 3, ya sake ƙirgawa nan take, da bayan minti 1, da bayan minti 2. Saurin da bugun ke komawa daidai alama ce ta ƙarfin zuciya, kuma ajin da ya riƙa maimaita gwajin kowane mako har zangon karatu ya ƙare zai ga bambanci tsakanin masu zuwa makaranta da ƙafa ko da keke da waɗanda ake kawowa a mota.